Babi na Shida: Kwanakin da Ke Tsakanin Faɗuwa da Faɗuwa

Farfaɗiya idan ta kayar da mutum, yawanci minti ɗaya zuwa biyu take yi ta sake shi. Mu ƙaddara mai ciwon yana faɗuwa sau biyu a wata, wanda ba kaɗan ba ne. A shekara ya faɗi sau 24 ke nan, kuma in aka tara lokacin jijjigar gaba ɗaya bai cika awa guda ba. Sauran shekarar a tsaye yake: yana cin tuwo, yana zuwa masallaci, yana kwanciya yana tashi, yana jiran ranar da ciwon zai sake waiwayarsa. Amma hankalin dangi da na malaman asibiti duk a kan wannan awa guda ya tattara. Ranar ganin likita tambaya ɗaya ake yi masa, sau nawa ta tashi tun zuwanka na baya? In ta ragu a yi hamdala, a sake rubuta magani, a kira na gaba. Abin da nake son kafawa a wannan babi shi ne cewa ciwon damuwa da fargaba, waɗanda ke cin masu farfaɗiya a waɗannan kwanaki na tsakani, ɓangare ne na ciwon kansa, kuma duk jinyar da ta tsaya ga ƙirga faɗuwa ta kashe maciji ne ba ta sare kansa ba.

Damuwar da ake nufi a nan ta wuce ɓacin ran yini guda. Likitoci suna kiranta ciwo idan ta kai mako biyu ko fiye ba ta ɗaga ba, mutum ya daina jin daɗin abin da a da yake faranta masa rai, barci ya ƙaurace masa ko ya yi masa yawa, abinci ya fita ransa, ya riƙa ganin kansa a matsayin kaya a wuyan 'yan uwa, wani lokaci har ya fara ganin gara a ce ba shi a duniya. Fargaba kuwa zullumi ne da ba ya jin lallashi, da bugun zuciya, da gumi, da ƙin shiga mutane. Da wuya marar lafiya a ƙasar Hausa ya zauna gaban malamin asibiti ya kira waɗannan da sunansu. Cewa zai yi jikinsa ba ƙarfi, ko kansa ya yi nauyi, ko gabansa faɗuwa yake yi ba dalili, ko tunani ya yi masa yawa. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa, a ba shi maganin ƙarin jini ko a ce a gwada shi ko maleriya ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. A 2013 masu bincike a Kanada suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka samu cewa kusan kashi 23 cikin ɗari na masu farfaɗiya suna cikin ciwon damuwa a lokacin da aka bincike su. Wani tattarawar da aka yi a 2017 ya ba da kusan wannan adadi, ya kuma ƙara da cewa kimanin kashi 20 cikin ɗari na fama da ciwon fargaba. Idan aka tuna cewa a cikin manyan mutane gaba ɗaya ana ƙiyasta masu ciwon damuwa da kusan kashi 5 cikin ɗari, tazarar ta fito fili. A gida ma an duba. Wani nazari da aka wallafa a 2005 kan matasa masu farfaɗiya a kudu maso yammacin Najeriya ya tarar da kusan uku cikin goma suna da ciwon fargaba, kusan haka kuma suna da na damuwa. Wato a layin masu jiran karɓar maganin farfaɗiya, in ka ƙirga mutum huɗu ko biyar, akwai mai ɗauke da wani ciwon da ba a rubuta a katinsa ba.

Mai hankali zai iya cewa to mene ne abin mamaki? Duk wanda aka ɗora wa irin wannan lalura ai dole ransa ya ɓaci, ba sai an laƙaba masa sabon ciwo ba. Akwai gaskiya mai yawa a wannan magana, kuma wanda ya taɓa ganin yadda faɗuwa a bainar jama'a take ba zai raina ta ba. Saurayi na tsaye a kasuwa yana ciniki, sai ya yi ƙara ya zube. Mutane su dare, domin har yau da yawa sun yarda cewa yawun mai farfaɗiya yana yaɗa ciwon, alhali ba ya yaɗuwa ta kowace hanya. Wani ya zo da cokali zai cusa masa a baki, wani ya watsa masa ruwa. Bayan 'yan mintoci ya buɗe ido bai san inda yake ba, harshe a tattaune, riga duk ƙasa, wani lokaci wando a jiƙe da fitsari, abin da ya fara gani kuwa ƙafafun mutanen da suka kewaye shi daga nesa. Shi bai san abin da jikinsa ya yi ba, su sun sani, kuma gobe da su zai yi ciniki. Daga nan sai rayuwa ta fara tsukewa. A gida a ware masa kofi da kwano. A hana shi hawa babur, wanda wataƙila da shi yake neman abinci. Yarinya a cire ta daga makaranta, a hana ta kusantar murhu da rijiya, kuma da dalili, tunda ƙuna da nutsewa na daga cikin abubuwan da ke halaka masu wannan ciwo. In maganar aure ta taso sai iyaye su shiga tsaka mai wuya: a faɗa wa dangin miji su fasa, a ɓoye ciwon ya tashi a ɗakin amarya. Ba mu kaɗai muka yi wannan ba, don a Birtaniya sai a 1971 aka gyara dokar da ta ba da damar warware aure saboda farfaɗiya. Masu bincike biyu a can, Scambler da Hopkins, sun nuna a 1986 cewa tsoron kada asiri ya tonu kan cinye mai ciwon fiye da wulaƙancin da aka yi masa a zahiri. Wanda ke ɓoye ciwonsa kullum a cikin tsaro yake, yana auna kowace fita da tambayar in ta kama ni a can fa?

Duk da haka wannan bayani bai isa ba, kuma abin da ya karya shi shi ne jerin lokaci. Da a ce damuwa martani ce kawai ga wahalar farfaɗiya, da sai bayan faɗuwar farko za ta bayyana. Ba haka aka gani ba. Wani nazari a ƙasar Aisland da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa waɗanda suka taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani sun fi sauran mutane haɗarin samun faɗuwar farko daga baya. A 2012 Dale Hesdorffer da abokan aikinta suka bi kundin marasa lafiya na likitocin unguwa a Birtaniya, suka tarar da cewa damuwa da fargaba da yunƙurin kashe kai sun fi yawa a tsakanin masu farfaɗiya cikin shekaru uku kafin a gano ciwon, kamar yadda suka fi yawa bayan an gano shi. Mutumin da bai taɓa faɗuwa ba, ba wanda ya ware masa kofi, ba wanda ya fasa aurensa, ba za a ce ƙyamar jama'a ce ta jefa shi damuwa ba. Tsohon likitan Girka Hippocrates, wanda ya rayu kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, ya riga ya lura cewa masu baƙin ciki mai tsanani kan koma masu farfaɗiya, masu farfaɗiya kuma kan koma masu baƙin ciki. Wannan ba ya nufin damuwa ce ke haifar da farfaɗiya kai tsaye. Abin da ya fi dacewa da hujjojin shi ne cewa sau da yawa tushensu ɗaya ne a cikin ƙwaƙwalwa, wanda ya riga fitowa kawai ake fara gani.

Tsarin ƙwaƙwalwa ya goyi bayan haka. A manya, farfaɗiyar da ke tasowa daga wuri guda ta fi yawan tasowa daga sashen da ke daidai saitin kunne, kuma a cikin wannan sashe ne ake da 'yan gaɓoɓin da ke sarrafa tsoro da tuna abubuwa. Shi ya sa wasu masu ciwon, daƙiƙoƙi kaɗan kafin su fita hayyacinsu, sukan ji wani tsoro ya taso musu daga ciki zuwa maƙogwaro ba tare da sun ga abin tsoro ba. Wannan tsoron farkon faɗuwar ne, wutar ciwon ce ta kama wurin da tsoro ke zaune. A wasu ma iyakar abin ke nan, ba sa zubewa, sai a yi shekaru ana cewa aljanu ne ke tsorata su ko kuwa tsabar raki ne. Bayan faɗuwa kuma akwai wani duhun da ke biyo baya. Andres Kanner da abokansa a Chicago sun tambayi mutum 100 masu farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, a nazarin da suka wallafa a 2004, fiye da 40 daga cikinsu suka ce sukan shiga damuwa ko fargaba a sa'o'i da kwanakin da ke bin faɗuwa. Sinadaran da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su, irin su sirotonin, suna da hannu a daidaita yanayin rai, suna kuma da hannu a hana wutar farfaɗiya bazuwa. Abubuwan da suka fi jawo ciwon a yankinmu, wato wahalar haihuwa da ke hana jariri iska, da maleriyar da ta hau ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da buguwar kai a haɗarin mota ko babur, da shanyewar ɓarin jiki, ba sa zaɓar inda za su bar tabo.

Akwai tushe na uku da ba a cika son ambatonsa ba, shi ne maganin kansa. Fenobabiton, wanda likitan Jamus Alfred Hauptmann ya fara amfani da shi ga masu farfaɗiya a 1912, har yau shi ne ginshiƙin jinya a ƙauyuka da yawa na Afirka, domin yana da araha, ana shansa sau ɗaya a yini, kuma yana aiki. An daɗe da sanin cewa yana iya jawo damuwa, musamman ga wanda akwai ta a danginsa, yara kuma yakan sa su ƙiriniya da rashin natsuwa. Ba zan ce a jefar da shi ba. Inda babu wani, da babu gara ba daɗi, kuma faɗuwar da ba a tsayar ba ta fi shi haɗari nesa ba kusa ba. Sababbin magunguna ma ba su tsira ba: lebetirasetam, wanda likitocin birni ke yawan rubutawa yanzu, sananne ne wajen sa wasu saurin fushi da ƙunci. A ɗaya gefen, kabamazafin da lamotirijin da balfurowet suna cikin magungunan da likitocin ƙwaƙwalwa ke bayarwa don daidaita yanayin rai, ko da yake balfurowet na da haɗari babba ga ɗan tayi, don haka ana kaffa-kaffa da shi ga matan da za su iya ɗaukar ciki. Ma'anar duk wannan ita ce zaɓen magani ya kamata ya duba halin zuciyar mai shan sa, kuma idan uwa ta ce tunda aka canza wa yaron nan magani halinsa ya sauya, maganarta hujja ce ta likitanci. Abin da ba ya halatta shi ne mutum ya daina shan maganin da kansa rana tsaka. Yankewa farat ɗaya kan jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa.

Wasu likitocin da kansu sukan ce a bi abu daki-daki: a fara tsayar da faɗuwa, damuwa za ta bi ta tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace, kuma gaskiya ne cewa wanda ya daina faɗuwa kwata-kwata yakan samu sauƙin rai. Matsalar ita ce damuwar tana cikin abubuwan da ke hana faɗuwar tsayawa. Mai damuwa ba ya barci sosai, rashin barci kuwa na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya. Wanda ya fid da rai da kansa ba zai damu da haɗiyar ƙwaya safe da yamma ba, ba kuma zai nemi kuɗin mota ya je asibiti ranar da aka ba shi ba. Likitocin Glasgow da suka bi sababbin marasa lafiya sun ba da rahoto a 2007 cewa masu tarihin lalurar rai sun fi yawa a cikin waɗanda magani ya kasa tsayar musu da ciwon. Ga sauran kashi 30 da ba za su daina faɗuwa gaba ɗaya ba, maganar ta fi nauyi. Wani nazari a New York a 2004, kan mutum fiye da 100 masu farfaɗiyar da ta gagari magani, ya auna abin da ke yanke ingancin rayuwarsu. Yawan faɗuwa bai bambance mai jin daɗin rayuwa da marar ji ba, zurfin damuwa ne ya bambance su. Wanda ke faɗuwa sau huɗu a wata amma ransa a sake zai iya fin wanda ke faɗuwa sau ɗaya yana cikin ƙunci walwala. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da aka tambayi masu ɗakin, ba inda likita ke kallo suka nuna ba.

Ƙarshen wannan sakaci mutuwa ce a wasu lokuta. Binciken da aka yi da kundin al'ummar Denmak gaba ɗaya, aka wallafa a 2007, ya nuna cewa haɗarin kashe kai ga mai farfaɗiya ya ninka na sauran mutane kusan sau uku. Ya fi tsanani ga masu wata lalurar rai a haɗe, da kuma cikin wata shida na farko bayan an shaida wa mutum sunan ciwonsa, daidai lokacin da ake sallamarsa da takardar magani a ce ya dawo. A Najeriya magana a kan wannan tana da shinge biyu. Na farko kunya da tsoron zunubi. Na biyu doka, domin sashe na 231 na kundin Penal Code da ke aiki a Arewa, da sashe na 327 na takwaransa na Kudu, sun sa yunƙurin kashe kai cikin laifuffukan da ake iya ɗaure mutum shekara guda a kansu. Gana ta cire irin wannan hukunci a 2023. Mutumin da ya san abin da ke ransa zunubi ne kuma laifi ne ba zai fara faɗa ba sai an tambaye shi, a keɓe, cikin tausasawa. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin da ba shi da shi, bincike ya sha tabbatar da haka. Inda aka ga alama, hikima ce wani amintacce a gida ya riƙe magungunan yana ba shi na kowace rana, a kuma gaggauta kai shi ga likita.

Za a ce mumini ba ya fid da rai, haƙuri da tawakkali sun ishe shi. Ba na jayayya da darajar haƙuri, kuma ga masu ciwo da yawa addini ne igiyar da ta riƙe su. Abin da nake ja a kai shi ne mayar da wannan magana sandar dukan marar lafiya, har ya ji cewa ƙuncin da ke ransa shaida ce ta raunin imaninsa. Bukhari da Muslim sun kawo labarin wata baƙar mace mai farfaɗiya da ta je wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta nemi addu'a. Aka ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da sakamakon Aljanna ko addu'ar waraka, ta zaɓi haƙuri. Masu wa'azi galibi a nan suke tsayawa. Amma ta ƙara roƙo ɗaya, cewa a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa in ta faɗi, kuma aka yi mata. Macen da aka shaida da Aljanna ta iya ɗaukar ciwon, tozartar gaban mutane ce ta nemi a ɗauke mata, ba a kuma ce mata wannan ma ki haƙura ba. Wanda ke jin tsoron faɗuwa a sahun salla ko a gidan biki yana da magabaciya mai daraja. Babu wanda ke cewa mai ciwon sukari ya bar allura ya yi tawakkali, kuma addu'a da ƙwayar magani ba kishiyoyi ba ne.

Hujjar da ta fi ba ni wahala ita ce ta masu farfaɗiyar da kansu. Shekara da shekaru ana fama a fahimtar da jama'a cewa farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne irin na jijiya, ba hauka ba, ba iska ba. Yanzu kuma a zo ana cewa ɗaya cikin huɗu na da lalurar rai? Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Tsoron yana da tushe, musamman da yake a Arewa masu farfaɗiya da yawa a asibitocin ƙwaƙwalwa suke karɓar magani, irin na Barnawa a Kaduna da Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato, kuma an san abin da maƙwabta ke cewa in sun ji inda mutum ya je. Sai dai shiru bai kare kowa ba. Yarinyar da ta daina magana, ta daina wanka, ta kulle kanta a ɗaki, mutanen gida za su nemo wa halinta suna ko likita ya yi magana ko bai yi ba, kuma sunan da za su samo ya fi muni, hanyar da za su bi da ita kuma ta hayaƙi ce da kashe kuɗi wurin boka. Ciwon damuwa ba gushewar hankali ba ne, mai shi ya san kansa ya san mutane, kuma yana warkewa. Abin da wannan hujja ke koyarwa shi ne yadda za a yi aikin: a yi shi a ɗaki ɗaya, a hannun wanda ke rubuta maganin farfaɗiya, a matsayin tambaya ta yau da kullum da ake yi wa kowa, yadda ba wanda zai ji an ware shi.

Saura batun hali. Kashi uku cikin huɗu na masu farfaɗiya a ƙasashe matalauta ba sa samun ko maganin faɗuwar, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya, ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, 'yan ɗaruruwa ne. A irin wannan yanayi maganar damuwa kan yi kama da alatu. Amma ba ƙwararre ake nema ba a matakin farko. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, da littafin jagorarsa na 2010, an tsara su ne don nas da ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibiti, kuma farfaɗiya da ciwon damuwa suna cikin littafi guda. Tun 2006 akwai takardar tambayoyi shida kacal da Frank Gilliam da abokansa suka tsara musamman don gano damuwa a masu farfaɗiya, wadda ake cikawa cikin 'yan mintoci. Ko ita babu, tambaya biyu na iya buɗe ƙofa: a makonni biyun nan, ranka ya kasance a ɓace mafi yawan lokaci? Akwai abin da a da kake jin daɗinsa yanzu ya fita ranka? Kuma tunda damuwa na sa mutum ya watsar da magani, ƙwayar da aka sha wahala aka samo ma asara take zama in ba a yi tambayar ba.

Ko an gano damuwar, likitoci da yawa kan noƙe wajen ba da maganinta, saboda takardar cikin kwali ta yi gargaɗin cewa yana iya tayar da jijjiga. Wannan tsoro ya samo asali daga tsofaffin magunguna da kuma shan da ya wuce ƙima. A 2007 Kenneth Alper da abokansa suka duba bayanan gwaje-gwajen da aka miƙa wa hukumar magunguna ta Amurka, na mutum fiye da 70,000. Waɗannan ba masu farfaɗiya ba ne, amma abin da aka gani ya ba da mamaki: masu damuwar da suka sha yawancin magungunan zamani sun fi ƙarancin jijjiga a kan waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta. 'Yan kaɗan ne suka fita daban, irin su bufurofiyon da kulomifiramin, kuma su ake kauce wa. A 2019 aka wallafa gwajin da aka yi kai tsaye a kan masu farfaɗiya 140 a Amurka, rabi aka ba su satralin, rabi aka yi musu jinyar tattaunawa ta gyaran tunani da ɗabi'a, na mako 16. Fiye da rabin kowane rukuni sun fita daga damuwa, kuma maganin bai ƙara musu faɗuwa ba. Haɗarin gaske a garuruwanmu yana kan kantar kemis. Mai fargabar da ba wanda ya saurare shi yakan sayi baliyam don ya samu barci, jiki ya saba, ranar da ya rasa ciwon ya tashi. Wani kuma tiramol yake sha don ya ji ƙarfin jiki, alhali tiramol na jawo jijjiga ko ga wanda bai taɓa farfaɗiya ba, haɗa shi da maganin damuwa kuma wani haɗarin ne na daban. Maganin damuwa na gaskiya yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji aikinsa, ana kuma ci gaba da shi watanni bayan an samu sauƙi, kuma da yake kabamazafin da fenobabiton kan sa hanta ta yi saurin narkar da wasu magunguna, likita kan buƙaci daidaita adadin.

Fargabar faɗuwa a waje kuwa ƙwaya kaɗai ba ta cika kawar da ita ba, domin abin da ake tsoron zai iya faruwa da gaske. Jinyar tattaunawa ba ta yi wa mutum alkawarin ba zai faɗi ba. Tana sa shi ya koma wuraren da ya ƙaurace wa a hankali, yau ƙofar gida, gobe masallacin unguwa, jibi kasuwa, tare da rage munin abin da zai biyo baya in ciwon ya tashi. A nan dangi da abokai ke da aikin da likita ba zai iya yi ba. Mutum ɗaya a shago ko a aji ko a majalisa da ya san abin yi yana sauya lissafin mai ciwon gaba ɗaya: ya janye shi daga wuta da ruwa da titi, ya sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada ya danne shi, kada ya sa masa komai a baki, in jijjigar ta lafa ya juya shi ya kwanta a gefe, ya rufa masa mayafi, ya sallami 'yan kallo, ya zauna har ya dawo hayyacinsa ya faɗa masa abin da ya faru ba ƙari. Idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake tashi kafin ya farfaɗo, sai a nufi asibiti da shi.